Na Yi Wa Shugaban Ƙasa Kamfe Ya Ci, Yanzu Ina So in Sayar da Kekena in Tafi Abuja

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 27, a cikin birnin Zariya nake zaune. Na gama NCE tun 2019, aikin koyarwa bai samu ba, sai na koma ɗinki, wanda dama tun ina yaro na koya. Da adashe da taimakon yayata na sayi keken surfani, da shi nake rufa wa kaina asiri. A zaɓen 2023 na shiga siyasa da gaske. Wata huɗu ina bin unguwa-unguwa, ni na tsaya ejan a akwatinmu, ban bar wurin ba sai da aka ƙirga ƙuri'ar ƙarshe cikin dare da fitilar waya. Ranar da aka ce ɗan takararmu Bola Tinubu ya ci shugaban ƙasa har hawaye na yi. Ina da wani ɗan littafi da na rubuta abubuwan da nake sa ran zai yi: aikin yi ga matasa, wuta ta zauna, a daina yajin aikin jami'a (ƙanwata wata takwas ta yi a gida a 2022), a samu tsaro ta wajen Giwa da Birnin Gwari manoma su koma gona, taki ya sauko, a gama titin Abuja zuwa Kano.

Ga inda matsalar take. Baba wani ya zaɓa. Tun da mai ya tashi, duk shigowata gida sai ya ce, "Ga aikin mutuminku nan." Rannan na mayar masa da magana a gaban baƙi, tun daga ranar da ka yake amsa gaisuwata, ni kuma na daina cin abinci tare da shi a zaure. Sannan kodinetan ƙungiyarmu ya ce ana tattara sunayen matasan da suka sha wahala za a ba su aiki a Abuja, amma kowa sai ya kawo naira 200,000 na bin takardu, kuma gara mutum ya je can ya zauna kusa. Ina tunanin in sayar da keken bayan Sallah in tafi. Yarinyar da nake nema iyayenta sun ba ni zuwa kaka in fito. Ita ta ce duk abin da na yanke tana bayana, amma na ga jikinta ya yi sanyi. Malam, kuskure na yi da na sa rai? In tafi ko in zauna? Kuma ta yaya talaka irina zai isar da abin da ke cikin littafin nan ga shugaban da ya wahalta wa?

Naka, wani matashi daga birnin Zariya.

Wa alaikumus salam, ƙanena. Sau biyu na karanta wasiƙarka, kuma wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙirgar nan da fitilar waya. Duk wanda ya wuni a rumfar zaɓe ranar 25 ga Fabrairun 2023 ya san wannan daren. Ga ƙarancin takardar kuɗi da ake fama da shi a lokacin, ga yunwa, ga jiran na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS, mutum bai san ma da abin da zai koma gida ba. Wanda ya jure wannan don yana ganin ƙasarsa za ta gyaru, a gaishe shi. Saboda haka tambayarka ta farko mai sauƙi ce: ba ka yi kuskure da ka sa rai ba. Abin da ya dame ni shi ne fata biyu sun cakuɗe maka, wanda kake yi wa ƙasa da wanda kake yi wa kanka. Na farkon shi ya sa ka rubuta littafi. Na biyun shi yake neman raba ka da kekenka, kuma ya shigo maka ne sanye da rigar na farko.

Bari in fara da keken, don shi ne mai gaggawa. Kada ka sayar da shi. A duk abin da ka lissafa mini, shi kaɗai ne sakamakon zaɓe bai ba ka ba, kuma ba zai iya karɓewa ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ka kuma duba lokacin da kake son sayarwa. Ranar 14 ga Yunin 2023 Babban Banki ya saki farashin dala a kasuwar gwamnati, ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 600 a wuni guda. Keken surfani daga waje ake kawo shi, haka allurarsa da yawancin zarensa. Idan ka sayar yau, kuɗin da ka karɓa da wuya su sake saya maka irinsa nan da wata shida, ko da ba ka taɓa su ba, balle ka ci su a haya da abinci a Abuja. Sannan keken nan akwai gumin yayarka a ciki. Ba bashi ta ba ka da za ta zo da takarda ba, amma ta cire daga nata ne don ta ga ƙanenta ya tsaya da ƙafarsa. Ko da shawarata ba ta shige ka ba, kada ka kai shi kasuwa ba ka zauna da ita ba.

A 2015 na ga irin wannan da idona. Wani yaron maƙwabtanmu, mai hankali, mai babur ɗin haya, ya sha wahalar kamfe kamar yadda ka sha. Bayan rantsuwa ya sayar da babur ɗin ya nufi Abuja. A shagon wani ɗan garinsu yake kwana a Mararaba, kullum da sassafe ya shiga mota ya je ya tsaya bakin ƙofar wani ofis yana jiran fitowar uban gidansa. Bayan wata bakwai ya dawo. Na tuna ambulan ɗin takardunsa, wata ruwan ƙasa, ta yi laushi saboda gumin hannu har gefenta ya fara yagewa. Bai yi sata ba, bai yi shaye-shaye ba, jira kawai ya yi. Sai da ya shekara biyu yana tuƙa babur ɗin wani yana kai balas kafin ya sake mallakar nasa.

Yanzu maganar naira 200,000. Ƙanena, wannan cinikin biri a sama ne. Aikin gwamnatin tarayya na halal ba a sayar da shi. Ma'aikatu ta Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Tarayya suke ɗauka, 'yan sanda da kwastan da shige da fice kuma sukan buɗe shafinsu na intanet su sanar a fili. Wanda ya biya kuɗi a bayan fage, in an cuce shi ba shi da bakin kai ƙara, don shi ma ya taka doka. In kuma takardar ta fito ta bogi, ranar tantancewa shi za a kora. Ka kuma tambayi kanka, wane ne yake tattara sunayen? An rantsar da Shugaba Bola Tinubu ranar 29 ga Mayun 2023, kuma har ƙarshen Yunin shekarar bai naɗa minista ko ɗaya ba. Gyaran tsarin mulki na watan Maris ɗin 2023 ya ba shi kwana 60 ya miƙa sunayensu ga Majalisar Dattawa, wato har ƙarshen Yuli. A watan Yunin ma ya rushe hukumomin gudanarwa na ma'aikatun tarayya. Masu ba shi shawara na musamman da majalisa ta amince masa a lokacin su 20 ne. Kujerun da za su ɗauki mutane su kansu babu kowa a kansu a lokacin.

Ga wani lissafi da nake so ka yi shi a natse. Rumfunan zaɓe a ƙasar nan 176,846 ne. Jam'iyyarku ta yi ƙoƙarin tsayar da ejan a kowace. Kowane ɗaya daga cikinsu ya wuni a rana kamar yadda ka wuni, kuma kowane yana da kodineta. A bayansu akwai mutum miliyan 8 da dubu 794 da suka dangwala wa ɗan takararku. Ba na faɗi wannan don in rage darajar wahalarka ba. Na faɗa ne don ka ga cewa babu gwamnatin da za ta iya biyan ƙuri'a da takardar ɗaukar aiki, ko da shugabanta ya so. Hanya ɗaya da zai iya biyanku gaba ɗaya ita ce abin da ke cikin littafinka.

Shi kodinetan, ban ce maka macuci ba ne. Sau da yawa shi ma wani na sama da shi ne ya yi masa romon baka, ya ɗauko ya kawo muku da zuciya ɗaya. Kada ka zage shi, kada ka yi masa terere a dandalin WhatsApp na ƙungiya. Ka same shi ku biyu ko uku, cikin girmamawa, ka ce, "Ranka ya daɗe, wace ma'aikata ce, wane gurbi ne, hannun wa kuɗin za su shiga, kuma za a ba da rasit?" Idan maganar ta gaskiya ce, amsa ba za ta yi wuya ba. Idan ya fara cewa ba ka yarda da shi ba ne, ko lokaci na ƙurewa sai ka kawo gobe, to ka samu amsarka. Ka ce masa ba ka da hali yanzu, ka bar zumuncin a inda yake. Kuma ka ja kunnen abokanka da ke shirin sayar da wayoyinsu da gonakin gado.

In zuciyarka ta ƙi kwanciya sai ka ga Abuja, ba na hana ka ba. Bayan Sallah ka ware kuɗin mota daga ribar ɗinki, ka bar yaronka a shago, ka je ka yi kwana uku, ka ga wanda za ka gani, ka bar kwafin takardunka, ka dawo. Ka tafi da ranar dawowa a bakinka, ka faɗa wa Inna ita. Amma ga abin da na fi so maka. Mutanen nan da kuka yi wa wahala, daga kansila har sanata, kullum cikin babbar riga suke, kuma ɗinkin Zariya ba sai an yi masa talla ba. Maimakon ka shiga layin masu cewa a ba ni aiki, ka shiga da riga ɗaya mai kyau a leda ka ce, "Ga aikin hannuna, ina neman ciniki." Ɗan siyasa yakan gaji da mai roƙo, amma telan da ya iya wuya yana cika alkawari, shi da kansa zai riƙa nemansa, har ya haɗa shi da abokansa. Ta nan wahalar kamfenka za ta iya zama jari ba tare da ka durƙusa wa kowa ba.

Takardar NCE ɗinka ma kada ka bar ta a ƙasan akwati. Malaman firamare hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB) ce ke ɗaukarsu, ba fadar shugaban ƙasa ba, don haka kunnenka ya koma Kaduna. Ka yi rajista da hukumar rajistar malamai ta TRCN in ba ka yi ba. Makarantu masu zaman kansu sun cika Zariya, kana iya koyarwa da safe ka hau keke da yamma, duk da na san albashinsu ba yawa. Kuma kana zaune a garin jami'ar ABU da Jami'ar Ilimi ta Tarayya (tsohuwar FCE), inda mai NCE ke iya ɗorawa ya yi digiri ba tare da ya rufe shagonsa ba.

To, mu dawo kan littafin, don ni a wurina ya fi komai daraja a wasiƙarka. Matasa da yawa sun yi kamfe, kaɗan ne suka zauna suka rubuta abin da suke jira. Sai dai yadda yake yanzu, addu'a ce aka jera. Ina so ka ja layi a gefen kowane abu ka rubuta ƙofar wa yake, da alamar da za ka gani ka san an fara, da lokacin da ya dace ka sake dubawa.

Ɗauki wuta, tunda ita ta fi shafar sana'arka. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 tana raba abin da bai wuce megawat 4,000 zuwa 5,000 ba a yawancin ranaku. Wannan ba ciwon da ke warkewa a kwana ɗari ba ne. Amma akwai abin dubawa kusa da kai: tashar wuta ta Kudenda a Kaduna mai megawat 215, wadda aka ba da kwangilarta tun 2009. Ka rubuta sunanta. Sannan a watan Yunin 2023 shugaban ya sa hannu a sabuwar dokar lantarki da ta ba jihohi damar samar da wuta da rarraba ta a cikin iyakarsu. Ma'ana, daga yanzu rabin tambayar wuta Gwamna Uba Sani za a yi wa. Titin Abuja zuwa Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano kuwa na tarayya ne tsantsa, kilomita 375, ana kansa tun 2018. Alamarsa mai sauƙin gani ce: nawa aka ware masa a kasafi, nawa aka saki, injina suna aiki ko a fake suke. Ka sani kasafin 2023, na naira tiriliyan 21.83, Shugaba Buhari ne ya sa masa hannu a watan Janairun shekarar. Kasafin farko da za ka ce na mutuminka ne daga tushe shi ne na 2024. A nan za ka gane abin da ya ɗauka da muhimmanci, don bakin ɗan siyasa yana iya faɗin komai, amma kasafi yana nuna inda kuɗi suka nufa.

Yajin aikin da ya zaunar da ƙanwarka daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoban 2022 tushensa yarjejeniyar 2009 ce tsakanin gwamnati da ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU, da rigimar tsarin biyan albashi, da kuɗin gyaran jami'o'i. Muddin ba a zauna an warware waɗannan ba, wutar tana nan a ƙarƙashin toka. Ranar 12 ga Yunin 2023 an sa hannu a dokar ba ɗalibai rance marar ruwa. Abu ne mai kyau a takarda, amma ka duba sharuɗɗan da dokar ta zo da su a lokacin, kafin a sauya ta a 2024: kuɗin shigar gidan su ɗalibi kada ya kai naira 500,000 a shekara, sai ya kawo masu tsaya masa biyu, biya kuma ya fara shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Ni abin da nake sa wa ido shi ne kada rancen ya zama hujjar ninka kuɗin makaranta. Kai ma ka rubuta wannan a gefe. Tsaro kuwa, an sauya manyan hafsoshi ranar 19 ga Yunin 2023, an naɗa Nuhu Ribadu mai ba da shawara kan tsaro. Sauya mutane somin-taɓi ne. Ma'auninka na gaskiya shi ne damina mai zuwa: dangin da suka baro ƙauyukan Giwa suka tare a gidajen 'yan'uwa, sun koma sun yi shuka ko suna nan?

Akwai kuma abin da ba ka rubuta ba amma shi ya fara zuwa, wato mai. Da aka cire tallafin mai a 2023, daga ƙasa da naira 200 lita ta haura 500. Kai da ke tayar da janareta don ka gama ɗinkin Sallah ka fi ni sanin zafinsa, kuma kada son da kake yi wa shugaban ya sa ka ce ba zafi. An ce kuɗin tallafin za a juya su ga ayyuka. To ka san yadda ake raba abin da ya shiga asusun tarayya: kashi 52.68 na gwamnatin tarayya, 26.72 na jihohi, 20.60 na ƙananan hukumomi. Idan kuɗi suka ƙaru, kusan rabi wajen gwamnoni da ciyamomi za su sauka, kuma duk wata ana buga abin da kowa ya samu. Ruwan famfo, asibitin sha-ka-tafi na unguwa, rufin ajin firamare, magudanar ruwa, rabon takin da kake fata, mafi yawansu a wannan rabin suke. Mu 'yan Arewa mun saba ɗora wa mutum ɗaya a Abuja komai, alheri da sharri, mu bar na kusa da mu suna shan inuwa ba mai tambayarsu. Wannan ɗabi'a ta cuce mu ƙwarai.

Ta yaya za ka isar da saƙonka? Gaskiya littafinka ba zai kai teburin shugaban ƙasa ba, kuma ba ya buƙata. Kai ɗan Zariya ne, a shekarar da ɗan majalisar Zariya, Abbas Tajuddeen, ya zama Kakakin Majalisar Wakilai da ƙuri'a 353 ranar 13 ga Yunin 2023. Duk kasafin da shugaban zai kashe sai ya bi ta zaurensa. Ƙofar da wasu ke kwana a mota don su isa, kai a garinku take. Amma kada ka je kai kaɗai da buƙata goma. Ka tara teloli 'yan'uwanka da masu walda da masu niƙa na layinku, ku zaɓi abu ɗaya, misali taransfoma ko wutar sola ta haɗin gwiwa ga masu sana'a, ku rubuta shafi ɗaya, kowa ya sa hannu da lambar shagonsa, ku kai ofishin mazaɓa, a buga muku hatimin karɓa a kwafinku. Bayan wata biyu ku koma. Akwai kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa damar tambayar ma'aikatar tarayya a rubuce, ita kuma ta amsa cikin kwana bakwai. Ba kullum suke amsawa ba, amma takarda mai hatimi tana da nauyin da zagi a Facebook ba shi da shi. Kuma tun 2018 ɗan shekara 25 yana iya tsayawa takarar majalisar jiha. Ka ajiye wannan a ranka, ba don yau ba. Magoyin bayan da zai iya cewa nan an yi daidai, nan an kauce, ya fi amfani ga shugabansa a kan ɗan kanzagi ɗari.

Na bar maganar Baba zuwa nan ne don ita ta fi nauyi. Ka tsaya a inda yake tsaye ka duba. Mutum ne da ya ga zaɓen 1979, ya ga na 1993 da aka soke, ya ga 1999, ya ga murnar 2015 da matasa suka cika tituna daga Ƙofar Doka har PZ. Sau nawa ya sa rai? Ya san Zariyar da jirgin Kaura Namoda ke tashi daga tasha, kamfanin taba yana busa, masaƙun Kaduna suna ɗibar samari. Yau shi ke ba ƙanwarka kuɗin motar Samaru da ya ninka, shi ke auno hatsi. Kuma ba shi kaɗai ya ƙi ɗan takararku ba, a jihar Kaduna Atiku Abubakar ne ya zo na ɗaya. Idan ya ce "ga aikin mutuminku nan," rabin maganar zafin aljihu ne, rabin kuma, ina kyautata zato, tsoro ne. Yana ganin ɗansa da ya samu sana'a yana neman sakinta ya bi 'yan siyasa, kuma iyayenmu maza ba su iya cewa "ina jin tsoro" ba, sai su yi gatse.

Ban ce gatsen kullum daidai ne ba. Yana da ciwo, musamman ga wanda zuciyarsa ke cike da fata, kuma wannan Inna ce za ta iya gaya masa a lokacin da ta san yana saurare. Na kuma san kana da hujjojin kare kanka. Manyan 'yan takara uku duk sun ce za su cire tallafin, kasafin 2023 ma zuwa Yuni kawai ya tanadi kuɗinsa. Gaskiya ne, amma ka haɗiye su. Ba muhawarar rediyo kuke yi ba. Abin da ya sa yake amsa maka da ka ba ƙuri'arka ba ce, muryar da ka ɗaga masa a gaban baƙi ce. A Suratu Luƙman, iyayen da suka matsa wa ɗa ya yi shirka ma cewa aka yi kada ya bi su, amma ya zauna da su a duniya da kyautatawa. To ina ga saɓanin akwatin zaɓe?

Ka same shi shi kaɗai, bayan Asuba ko bayan Isha, ka durƙusa ka ce, "Baba, na yi kuskure da na mayar maka da magana, ka yafe mini." Kada ka haɗa da "amma". In ka ga abin ya yi maka nauyi, ka ɗauki baffanka ko amininsa ya raka ka. Daga ranar ka koma kwanon zaure ko bai kira ka ba. In ya sake cewa ga aikin mutuminku, ka ce, "Wallahi Baba muna ji a jikinmu, Allah ya kawo sauƙi." Ba ƙarya ka yi ba, kuma ba ka bar ra'ayinka ba. Idan ƙura ta lafa, ka miƙa masa littafin nan ka ce ya duba abin da ka manta. Ina da yaƙinin zai ƙara maka abu biyu ko uku da ba su taɓa zuwa maka a rai ba, kuma ranar za ku fara hirar ƙasa a matsayin mutum biyu da abu ɗaya ya dama.

Yarinyar nan kuwa ta riga ta ba ka amsa. "Duk abin da ka yanke" kara ce da kunya, sanyin jikin shi ne ra'ayinta. Tana lissafin cewa in ka tafi ba keke ba aiki, kaka za ta zo iyayenta su tambaye ta, ba ta da abin faɗa, kuma ita za ta zauna da matsin, ba kai ba. Iyayenta ma ba su zalunce ka ba da suka sa lokaci. In magabatanka suka je, tambayar farko ita ce mece ce sana'arsa. "Tela ne, ga shagonsa" amsa ce da ake ba da 'ya a kanta. "Yana Abuja ana nema masa" ba amsa ba ce. Ka tambaye ta kai tsaye me take so, ka yi shiru har ta gama. Naira 200,000 ɗin nan da za ka miƙa wa wanda ba ka sani ba, in ka tara su daga ɗinkin Sallah da na bukukuwan kaka, sun isa su ɗauki sadaki su fara lefe daidai ƙarfinka. Ka yi istihara, sannan bayan Sallah ka tura manya a tsayar da rana.

Sallah saura 'yan kwanaki, na san teburinka cike yake da kayan mutane kuma barci sai an sata. Duk da haka ka nemi yadi mai kyau ka yanka wa Baba riga, ka zauna ka yi mata surfani da hannunka a kan keken nan, irin wuyan da ka san yana so. Daren jajibere ka kai masa zaure tare da ban haƙurin, ka roƙe shi ya sa ta zuwa Idi. Bayan hawan Daushe ka rubuto mini in ji yadda kuka yi, da abin da kodinetan ya ce game da rasit. Ka gaishe mini da Inna da yayarka.